Rufin Molo da Haɗin Mandolin: Muryar Tana Wurin Haɗi

Taƙaitaccen jawabin filin sana'o'in hannu, domin makiyaya da 'yan kasuwar kan iyaka

  

Maganarmu ta wannan mako a kan kayan kiɗa masu tsarkiya ce, kuma ƙorafi iri biyu ne suka jawo ta. Na farko, mutum ya sayo molo a arewa yana kuka rau-rau, ya sauka da shi Ankara, babban birnin Gana, kwana uku muryar ta dushe kamar mai mura. Na biyu, ɗan kasuwa ya ɗauki jita ko mandolin ta gwanjo daga Ankara, ya kai Bawku ko Yamai cikin hunturu, ya buɗe kwali ya tarar fuskarta ta tsage tun daga gindi. Mai sayarwa ya rantse lafiya lau ya bayar, mai saye ya rantse bai yar da ita ba. To, duka biyun gaskiya suka faɗa. Abin da ya ci kuɗin yana wurin haɗi, wato inda fuskar abin kiɗa ta zauna a kan jikinsa. Wanda ya gane wannan wuri, ya san abin da zai saya, ya san yadda zai ɗauke shi a mota, makiyayi kuma ya san darajar fatar da ke hannunsa.

Yadda kayan suka taru a zango

Zongo Lane, a tsakiyar Ankara kusa da kasuwar Makola, shi ne tsohon mazaunin Hausawa a birnin. Wajen shekarar 1881 Malam Naino ya samu wurin daga hannun mutanen Ga. Ɗansa Malam Baƙo ne ya kafa Sabon Zongo a farkon shekarun 1910. Nima kuwa, Malam Amadu Futa ne, Bafulatani mai fataucin shanu, ya buɗe ta a farkon shekarun 1930, Mamobi kuma ta taso a gefenta. Kowace ƙabila da ta sauka a waɗannan unguwanni da abin kiɗanta ta zo. Bahaushe ya zo da garaya da gurmi da goge da kukuma. Bafulatani ya zo da hoddu, Bazabarme da molonsa, Badagombe da gonje, mutanen Bolga kuma da kologo mai tsarkiya biyu, wanda King Ayisoba da Atongo Zimba suka kai har Turai. Ta bakin teku kuma, ma'aikatan jiragen ruwa suka shigo da jita da banjo da mandolin.

Yau Zongo Lane ta yi suna ne da kayan lantarki, wayoyi da lasifika da kayan gyaran rediyo, kuma nan makaɗa ke zuwa neman ɗan makirufon da za su manna wa molo ko kologo don a ji su a taron biki. Ka ga ke nan kayan arewa da na bakin teku a unguwa ɗaya suke kwana, kuma hannun fatake ɗaya suke bi.

Fuska da baya

Ɗauki kowanne cikinsu ka duba, abu biyu za ka gani: fuska da baya. Tsarkiya ita kaɗai ba ta da murya. Ɗaure zare tsakanin ƙusa biyu ka taɓa, da ƙyar za ka ji shi. Abin da ke faruwa shi ne, tsarkiya tana zaune a kan ɗan guntun icen nan da ake kira jaki, jaki yana zaune a kan fuska. In an taɓa tsarkiya sai ta girgiza jaki, jaki ya girgiza fuska, fuska ta tura iskar da ke cikin ciki da ta waje. Saboda haka ake son fuska marar nauyi, mai saurin motsi. Baya kuwa ana son sa da ƙarfi, ya riƙe bakin fuskar gam, ya tare iskar.

A molo da garaya, fuska fata ce, baya ice ne da aka sassaƙe kamar ɗan kwale-kwale. A gurmi da goge da kologo, baya ƙwarya ce. A kuntigi, irin wanda marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi suna da shi, baya gwangwanin kifi ne. A mandolin, fuska da baya duk katako ne. Kayan aikin sun bambanta, amma dokar ɗaya ce: duk inda haɗin ya yi sako-sako, nan ƙarfin girgizar zai zube, kamar yadda nono ke bin tsagar ƙwarya.

Yadda mai haɗa mandolin ke yi

Mandolin ƙanwar jita ce, tana da tsarkiya 8 na ƙarfe, an jera su biyu-biyu. Irin ta da, wadda ta fito daga birnin Nafuli na ƙasar Italiya a ƙarni na 18, bayanta dunƙulalle ne kamar rabin duma, an haɗa shi da siraran katakai masu yawa. A 1898 wani mutum a Amurka mai suna Orville Gibson, a garin Kalamazoo, ya yi rajistar wata sabuwar dabara: a sassaƙe fuska da baya daga katako mai kauri, su ɗan yi doro kamar na gogen Turawa. Yawancin masu tsada na yau wannan hanya suke bi.

Fuska ana yin ta da wani farin ice marar nauyi na ƙasashen sanyi da ake kira sifurus, baya kuma da wani mai tauri da ake kira mefil. Galibi ba a yin su da falle ɗaya. Ana tsaga guntun katako gida biyu, a buɗe shi kamar yadda ake ɓare goro, a haɗa gefe da gefe. Da haka jijiyar katakon dama ta yi daidai da ta hagu, in ya kumbura su kumbura tare, in ya motse su motse tare. Layin haɗin yana bi ta tsakiyar fuska, daidai ƙarƙashin jaki, inda nauyi ya fi yawa. Jan da tsarkiyoyin nan 8 ke yi, in an tara shi, ya kan kai kilo 70 ko fiye. Ya wuce buhun siminti. Katakon da ke ɗauke da wannan kaya kuwa, bayan an gama sassaƙa, kaurinsa bai wuce milimita 3 zuwa 5 ba.

To yaya ake yi haɗin ya riƙe? Da farko a kankare gefunan biyu da makankarin kafinta mai kaifi, har su miƙe sak. Sannan a haɗa su ba tare da gam ba, a ɗaga su wajen taga ko fitila. In haske ya ratsa ko da kamar silin gashi ne, a koma a sake kankarewa. Ba a matse su da ƙarfi don a rufe kafar. Katakon da aka tilasta wa haɗuwa yana nan yana jiran ranar da zai koma yadda yake. Sai an ga duhu daga sama har ƙasa, sannan a shafa gam, a goga gefe da gefe har ya kama, a ɗaure da igiya a cusa 'yan guntayen ice masu tsini a ƙarƙashinta don su ƙara matsewa, a bar shi ya kwana.

Haɗi na biyu shi ne na ɗora fuska da baya a kan bangon da ya kewaye jiki. Wannan bango siriri ne ƙwarai, wajen milimita 2, bakinsa bai isa ya riƙe gam ba. Don haka ake manna masa wani siririn katako mai tsage-tsage ta ciki, a kewaye shi duka, wurin zaman ya ƙara faɗi. Akwai kuma dunƙulen ice biyu, ɗaya wajen wuya, ɗaya wajen gindi. A goge bakin duka ya daidaita, babu tudu babu kwari. Da yawa sukan fara ɗora fuska, su bar baya sai ƙarshe, domin su ga cikin su share abin da ya tsiyayo. A jera mamatsa kewaye da baki, kusa da kusa, kowanne a ɗaure shi daidai da ɗan'uwansa. In an kwance, mai aikin ya ƙwanƙwasa da yatsa yana saurare, yadda uwar gida ke ƙwanƙwasa tukunyar ƙasa a kasuwa kafin ta biya. Lafiyayya tana amsawa, mai tsaga tana yin ƙwas.

Gam ɗin da ya fito daga garke

Ga inda maganar ta shafi makiyayi kai tsaye. Gam ɗin da aka daɗe ana haɗa goge da mandolin na Turawa da shi, daga fatar shanu ake yin sa. Ana tara yanke-yanken fata, a wanke, a dafa a hankali har danƙonta ya fito, a tace, a busar ya zama kamar tsakin ƙaro. In za a yi aiki, a jiƙa shi da ruwan sanyi, a ɗora kwanon cikin wani ruwan zafi, ya kai awo 60 na ma'aunin zafi. Ba a barin sa ya tafasa, tafasa tana kashe ƙarfinsa. Da zarar an shafa, cikin kamar minti ɗaya zai fara daskarewa, shi ya sa ake tanadar komai a hannu kafin a taɓa shi.

Dalili biyu suka sa har yau ba a rabu da shi ba. Yana bushewa da tauri kamar gilashi, ba ya shanye girgiza. Kuma in abin kiɗa ya bukaci gyara, da ɗan ɗumi da danshi sai haɗin ya buɗe ba tare da katako ya yage ba. Rauninsa shi ne doguwar laima, in ya daɗe a wuri mai danshi ya kan saki. Farin gam na kafintoci yana aiki, shi ma da yawa suna amfani da shi, sai dai in zafi ya yi yawa, kamar cikin rufaffiyar mota da tsakar rana, ya kan yi laushi haɗin ya zame. Gam ɗin masu gyaran takalmi kuwa, wanda ke zama kamar roba, kada ya kusanci abin kiɗa. Yana toshe murya, kuma wanda zai gyara daga baya sai ya sha wuyar kankare shi.

Yadda namu ke rufi

Mu dawo gida. Masassaƙi ya zaɓi busasshen ice, ya fafe cikinsa da gizago. Masu sassaƙa ganga a ƙasar Hausa sun san alilliba, a Gana kuma ɗan'uwanta ne da ake kira tweneboa ake yin ganguna da shi. Ɗanyen ice ba ya yi, domin zai ci gaba da motsewa bayan an rufe, bakin ya karkace. In ƙwarya ce, a nemi wadda ta nuna sosai a jikin yaɗo, mai kaurin baki, marar hudar ƙwaro. Matan Fulani ba sa bukatar a koya musu wannan. Ƙwaryar da gyartai ya ɗinke ta yi zuba hatsi, amma ba ta yi rufi ba, jan fata zai buɗe ɗinkin.

Aiki na farko shi ne baki. A kife ƙoƙon a kan shimfiɗaɗɗen wuri, a duba ko yana rawa ko haske na shiga ta ƙarƙashi. Dubawar nan ita ce dai ta mai mandolin da fitilarsa. A goge har ya zauna daram, sannan a kashe kaifin bakin ya yi sumul, don kada ya yanke fata.

Fatar rufi ɗanya ake so, wadda aka shanya ta bushe, ba wadda ta shiga majema ta sha bagaruwa ba. Jemammiyar fata ta dukawa ce, ta yi laushi, ba ta ƙara ɗamewa. Ɗanya kuwa in an jiƙa ta sai ta saki, in ta bushe ta tsuke ta ɗame kanta. Wannan hali nata shi ne gam ɗinmu. A jiƙa ta akuya ta kwana, ta sa ta fi haka daɗewa. A aske gashi, a kankare sauran nama da kitse ta ciki, a yanka ta ta fi baki faɗi da kamar yatsu uku ko huɗu. A lura layin gadon bayan dabbar ya bi ta tsakiya, domin nan ta fi kauri, gefe biyun kuma su yi daidai da juna. Kun ga ɓarin goron nan ya sake dawowa.

A molo da hoddu akwai wani abu da ba kowa ya lura da shi ba. Sandar wuya ba ta huda icen jiki ta fita ba. Ana tsaga fata wuri-wuri, a zura sandar ta shiga ta fita kamar ɗinkin basilla, ta tsaya wajen ramin da ke kusa da gindi, a nan ake ɗaura tsarkiya. Ashe fatar ce fuska, ita ce kuma ke riƙe da wuya. In ta saki, wuya ya sunkuya, tsarkiya ta sauka, komai ya tafi tare. A gurmi da goge kuwa sandar tana ratsa ƙwaryar, sai a kula da ramukan nan biyu, don daga nan tsaga ta fi farawa.

Wajen ja, ba a bin baki a jere. A kama gabas, a kama yamma, a kama kudu, a kama arewa, sannan a cike tsakani, kowane ja da abokin tsayinsa a ɗaya gefen. Wasu da ƙananan ƙusoshi suke kamawa, wasu da turakun ice, wasu su ɗinke da tsirkiyar fata ta baya. In ƙusa za a sa a ƙwarya, a fara huda wurin da basilla, kuma kada a jera su a layi ɗaya dab da baki. Sannan kada a ja fata iya ƙarfi tana jiƙe, a bar mata wurin da za ta tsuke. Wanda ya ɗame ta tun tana ɗanya, in ta bushe ko ta yage a bakin ƙusa, ko ta murƙushe ƙwaryar. A shanya a inuwa inda iska ke wucewa, kwana biyu ko uku. Sai ta bushe ƙayau ake ɗora jaki a ɗaura tsarkiya. Wanda ya yi gaggawa, jaki zai lotsa fatar, kuma wannan lotsawa ba ta tashi.

Abin da hanya ke yi

Daga Ankara zuwa Paga kimanin kilomita 800 ne, amma a wajen fata da katako tafiya ce tsakanin duniya biyu. A bakin teku danshin iska ya kan kai kashi 80 cikin 100 a yawancin shekara. A arewa cikin hunturu, da rana, ya kan faɗi ƙasa da kashi 20. Masu haɗa mandolin da jita kuwa sukan yi aikinsu a ɗakin da ke tsakanin kashi 40 da 50.

Fata da katako duk suna shan danshi suna fitarwa. Molon da aka rufe a busasshiyar iskar arewa, in ya sauko kudu fatarsa ta sha laima ta saki, shi ne dushewar nan. Bai lalace ba. A ajiye shi a hantsi na ɗan lokaci, ko a ɗumama shi nesa da garwashi ana shafawa da tafin hannu, murya za ta dawo. Kada a kusantar da shi ga harshen wuta, fatar da ta ƙone ta mutu. Wanda aka rufe a Nima ko Mamobi da damina kuma, in ya hau arewa da rani, tsukewa zai ƙara yi, nan ne ake jin fata ta fashe cikin dare ba wanda ya taɓa ta. Saboda haka in za ka ba da aikin rufi, gaya wa mai yi inda za a kai kayan. Na arewa a sassauta masa, na bakin teku a ɗan ƙara ɗamewa.

Katako kuwa a faɗinsa yake motsewa, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Fuskar mandolin tana so ta tsuke, bakinta kuma an manne shi da bango ta ko'ina, ba inda za ta je. Sai ta tsage ta bin jijiya, ko layin tsakiya ya buɗe in dama haɗin bai yi kyau ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga makiyayi da mahauci

Fata mai kyau ta yi wuya a Gana, domin yawancin ta shanu babbake ta ake yi a ci, wele ke nan, abin da muke kira ganda. Masu rufin ganga da ke bayan cibiyar sayar da kayan gargajiya ta Ankara da masu rufin molo kullum cikin neman mai kyau suke. Wanda ya iya fiɗa yana da abin sayarwa. Abin da ke kashe kuɗin fata sananne ne: shaidar wuta a tsakiyar jiki, cizon kaska, ƙirci, tabon ƙaya da bulala, sai kuma yankan wuƙa wajen fiɗa. Ramin da ido bai gani ba a busasshiyar fata, in an ja ta a kan ƙoƙo sai ya zama ƙofa. In za a yi wa dabba shaida, a yi a ƙasan ƙafa ko a kunne. Fatar akuya a fi amfani da hannu wajen ɓare ta, a rage wuƙa. A shanya a inuwa, a miƙe, ba a kan ƙasa mai zafi ba. Mai gishiri kuma sai an wanke ta sosai, don gishiri yana jawo laima.

Sai magana mai nauyi. Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko ta baya, kada a feɗe ta, kada a sayar da fatarta ko da kyauta ce. Alamar ciwon saifa ke nan, wanda likitoci ke kira antiraks, kuma ƙwayarsa tana rayuwa a busasshiyar fata shekara da shekaru. A watan Yuni na 2023 ya ɓulla a jihar Upper East da ke arewacin Gana, wajen Binduri da Talensi, har hukuma ta tsayar da zirga-zirgar dabbobi da yanka na wata guda. A 2006 wani mai rufin ganga a birnin New York ya kamu da shi daga fatun awakin da ya kai daga Kodebuwa, a 2008 kuma wani ya rasu a Landan ta irin wannan hanya. Mai aske gashin fata shi ke shaƙar ƙurar. A kira malamin dabbobi, a binne mushen da zurfi. Mai rufi kuma ya aske fata tana jiƙe, a fili, ya san daga hannun wa ta fito.

Ga ɗan kasuwa

Kafin ka biya, yi abu huɗu. Ɗaga abin wajen haske ka leƙa ta ramin, ka bi baki da ido. Bi haɗin da farce, in ya shige wani wuri, a buɗe yake. Ƙwanƙwasa kewaye da baki kana saurare. Sannan danna kusa da jaki da babban yatsa a hankali, ka ga ko fuska ta lotsa. Fenti mai ƙyalli da ado a wuya ba su ne kaya ba, sau da yawa ma ɓoye tsaga ake yi da su. In makirufo za a sa, a manna shi ta waje ko a bi da wayar ta ramin da ke akwai, kada a huda ƙwarya kusa da baki.

Wajen lodi, sassauta tsarkiya, cire jaki ka ƙulle shi a tsumma. Naɗe kowanne da zane, kada fuska ta jingina da komai. Kada ya hau saman mota cikin rana, kada ya zauna kusa da inji, kada a ɗora masa buhu. Mandolin ko jita da za ta hau arewa da hunturu, a bar ta cikin gidanta, a sa ɗan jiƙaƙƙen soso cikin leda mai huji a gefe, ba ya taɓa katako. In an isa, a ba ta kwana biyu a ɗaki kafin a ɗaure tsarkiya.

A boda kuma a san abu biyu. Fatar guza da ta damo, waɗanda ake rufe goge da gurmi da su, suna cikin jerin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji da itatuwa tsakanin ƙasashe, fitar da su don kasuwa sai da takarda. Haka icen madobiya, wanda makiyaya suka sani da ganyen da shanu ke so da rani: ya shiga wannan jeri a farkon 2017, Gana kuma ta hana sara da fitar da shi a 2019. Wanda zai yi lodi da yawa, ya nemi na fatar akuya da icen da ba a hana ba, ya huta da dogon bayani a gaban jami'ai, madobiya kuma ta tsaya a daji ta ciyar da garke.

Nan za mu dakata. Mai tambaya ya aiko ta hanyar da aka saba, ko ya ba wakilinmu a kara ranar kasuwa.